Baba zai fara karɓar kuɗin hatsi ta waya: ta ina za mu fara, ta ina kuma ɓarawo ke shigowa?

Ɗan Ƙofar Guga:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar banki ta waya. Mahaifinmu hatsi yake sayarwa a nan cikin Katsina, yana kuma cin kasuwannin Mashi da Mai'aduwa da Charanci. Masu saye yanzu kusan kowa taransifa yake son yi, shi kuwa ya ce sai kuɗi hannu. Ga yadda hanya ta zama, ba ma son yana yawo da damin kuɗi a aljihun 'yar ciki. Da ƙyar ya yarda zai gwada, amma da sharaɗin in tabbatar masa ba za a yashe masa jari yana barci ba. Wayarsa ƙarama ce mai madannai. Shin lambobin nan da ake dannawa sun isa, ko sai an sayo babbar waya? Idan aka sace wayar a kasuwa me za mu fara yi? Kuma yaya zai gane alat na gaskiya da na bogi?

Tsohon Ma'aji:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi wa Alhaji albarka a kasuwa.

Ƙaramar wayar ta isa a fara. Kowane banki yana da lambarsa ta USSD, ba ta buƙatar data: First Bank *894#, GTBank *737#, Access *901#, UBA *919#, Zenith *966#, Jaiz *773#. Sharaɗin shi ne a danna ta daga layin da aka yi wa asusun rajista da shi. To nan fa maganar take. Banki bai ga fuskar Alhaji ba, layin yake gani. Duk wanda sim ɗin ke hannunsa, a wajen na'urar banki shi ne Alhaji, abin da ya rage tsakaninsa da kuɗin lambar sirri ta PIN ce kawai. Saboda haka kafin ku yi maganar wane banki ya fi, ku fara da sim.

Mutane suna kulle fuskar waya su ɗauka sun gama. Ɓarawon waya bai damu da wannan makulli ba. Zare sim ɗin yake yi ya sa a wata wayar, daga nan duk saƙon banki wajensa zai riƙa zuwa, har da lambar nan ta OTP, wadda banki ke turowa don tabbatar da cewa mai asusun ne. Idan kuma wayar ba ta da makulli, tsofaffin alat sun gaya masa bankin da Alhaji yake da abin da ya rage a ciki. Maganin wannan shi ne a sa wa sim ɗin kansa PIN. A cikin saitin waya, ɓangaren tsaro, akwai wajen kulle sim. Za ta nemi PIN ɗin da kamfanin layi ya sako da shi daga farko, kada ku yi ta canka, ku kira 300 ku tambaya ko ku duba jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Bayan kun kunna sai ku canza zuwa naku. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin ba za ta ga sabis ba sai an danna lambar.

Ku lura da abu biyu a nan. Idan aka yi kuskure sau 3, sim zai kulle ya nemi PUK, wata lamba ce mai guda 8 da ke jikin wancan katin. Ita kuma idan aka ɓata ta sau 10, sim ya mutu sai an yi sabo. Na biyu, ƙananan wayoyin nan da sun faɗi batir ya fita, kuma duk lokacin da aka kunna sai ta nemi PIN. Don haka dole ya zama lambar da Alhaji ya haddace da kyau, ba wadda zai tsaya tsakiyar kasuwa yana neman wanda zai tuna masa ba. Kada ta zama 1234, ko shekarar haihuwa, ko ƙarshen lambar wayarsa. Kuma PIN na sim daban, na banki daban.

Katin ATM kada a cusa shi a bayan rigar waya. Bankuna da yawa idan za a canza PIN na USSD, lambobin ƙarshe na jikin kati suke tambaya. Wanda ya samu waya da kati tare, an haɗa masa kura da akuya a ɗaki ɗaya. Haka nan kada a ajiye BVN ko PIN a cikin jerin sunaye ko a saƙo.

Idan waya ta ɓata, asusu ake fara rufewa, ba layi ba, domin rufe asusu minti biyu ne daga wayar duk wanda ke kusa. Access *901*911#, First Bank *894*911#, UBA *919*911#, Zenith *966*911#, GTBank *737*51*74#. Za a nemi lambar wayar da ta ɓata ko lambar asusu, wasu har da PIN. Da an gama, kuɗi ba sa fita, sai Alhaji ya je reshe da katin shaida an buɗe. Ku tambayi bankin da kuka zaɓa tasu lambar tun ranar buɗe asusu, ku rubuta a takarda biyu, ɗaya a aljihunsa ɗaya a gida. Bayan wannan sai a kira kamfanin layi a rufe sim, sannan a je ofishinsu da NIN a yi walkam bak, wato a ba shi sabon sim da tsohuwar lambarsa. Kada a ce bari gari ya waye. Waɗannan mutanen da dare suke aikinsu, sun san reshe a rufe yake.

Sai masu kira. Za su kira Alhaji da cikakken sunansa, wani lokaci har da ranar haihuwarsa, da Hausa mai daɗi, su ce daga hedikwata ne, BVN ɗinsa zai toshe yau idan bai karanto lambar da aka turo masa ba. Ko su ce sunansa ya fito a tallafi. Ka gaya masa da babbar murya: babu ma'aikacin banki da ke da hurumin tambayar PIN, ko OTP, ko lambobi 16 na gaban kati, ko 3 na bayansa. Duk wanda ya tambaya, a kashe waya, ko da ya rantse da abin da zai kashe shi.

Hajiya Mai Lissafi:

Ɗana, Malam Ma'aji ya gama maganar sim, ni bari in taɓa ɓangaren kuɗin, don ɗan kasuwa sai ya ji lissafi yake natsuwa.

Bisa jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a Janairun 2020, tura kuɗi zuwa wani banki ₦10 ne idan bai wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, sai ₦50 ga abin da ya haura. Ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan cajin, shi ya sa aka riƙa ganin ₦10.75 da ₦26.88 da ₦53.75. Akwai kuma harajin gwamnati na ₦50 a kan duk turawar da ta kai ₦10,000, da ₦6.98 na kowace shiga USSD. Ka ga ko kuɗin buhu goma aka tura, abin da zai tafi bai kai ₦120 ba. Ka auna wannan da kuɗin da mai POS zai yanka idan za a ciro su, balle haɗarin ɗaukarsu a mota daga Mai'aduwa bayan la'asar.

Amma akwai iyaka da ya kamata ku sani tun yanzu, kada Alhaji ya ji kunya gaban abokin ciniki. Ƙa'idar USSD ta Babban Banki ta 2018 ta tsayar da ₦100,000 a rana, kuma abin da ya wuce ₦20,000 ana son ƙarin shaida bayan PIN, kamar tokin, wato abin da ke fitar da sabuwar lambar sirri a kowace turawa. Wasu bankuna suna ɗaga iyakar idan mutum ya je ya sa hannu cewa ya ɗauki alhaki. Wato karɓar kuɗi ba matsala, biyan manyan kuɗi ne ƙaramar waya ba za ta ɗauka ba yadda yake so.

Karɓar ma tana da nata sharaɗin, shi ne matakin asusu. Asusun da yaran nan ke buɗe wa mutane a bakin titi cikin minti biyar matakin farko ne: ₦50,000 a rana, kuma jimillar abin da zai zauna ciki ₦300,000. Mataki na biyu ₦200,000 a rana, ₦500,000 a ajiye. Idan aka turo abin da ya fi ƙarfin asusu, ko dai kuɗin su koma, ko su maƙale sai an kai takardu, mai saye kuma yana tsaye yana nuna rasit. Mai hatsi mataki na uku ya kamace shi. Ana buƙatar BVN da NIN duka biyu, da katin shaida, da shaidar adireshi kamar takardar kuɗin wuta ta KEDCO. Ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a BVN da NIN. Muhammadu a nan, Mamman a can, shi kaɗai ya isa ya tsayar da ku makonni.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce a raba kuɗin gida biyu, kamar yadda ya saba raba hatsi: na rumbu daban, na rumfa daban. Asusun rumbu a banki mai reshe a cikin gari, babu katin ATM, a ce su kashe masa USSD, a ɗaura shi a layin da ba ya zuwa kasuwa. Asusun rumfa shi ne wanda ake ba masu saye lambarsa, shi ke kan ƙaramar waya. Duk yamma a kwashe abin da ya taru a mayar rumbu, a bar na cefane da kuɗin mota da na 'yan dako. Ranar da tsautsayi ya faɗa kan wayar, abin da ke rumfa kaɗai ke cikin haɗari.

Game da tsoron kada banki ya rushe, hukumar NDIC tun 2024 ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainans, miliyan 5 kuma ga masu asusu a kamfanonin kuɗin waya masu lasisi. Moniepoint da Kuda lasisin maikurofainans gare su, OPay da PalmPay na kuɗin waya. Wanda jarinsa ya wuce wannan adadi, gara ya rarraba.

Abu ɗaya da dattawanmu ke tambaya, kuma suna da gaskiya: kuɗin ruwa. Asusun ajiya na bankunan da aka saba yana tara ruwa, wasu manhajojin kuma suna da ɓangaren da ke ƙara wa mutum 'yan kuɗi kullum. Ku duba ku kashe shi idan a kunne yake. In Alhaji yana son kauce wa abin gaba ɗaya, akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus.

Injiniya Daga Daura:

Na yarda da rabon rumbu da rumfa ɗari bisa ɗari, Hajiya. Inda zan ɗan saɓa da Malam Ma'aji shi ne cewa ƙaramar waya ta isa. Ta isa a kasuwa, amma a samu babbar waya ko mai araha ce a ajiye a gida don asusun rumbu. Dalili: manhajar banki tana ɗaure kanta da waya guda, idan aka buɗe ta a wata sai an sake tantancewa, tana karɓar zanen yatsa, tana kuma ajiye tarihin duk abin da ya shiga da wanda ya fita. USSD kuwa a wayoyi da yawa PIN yana fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar waya lokacin da ake danna shi. A cikin cunkoson 'yan awo, wanda ke bayan kafaɗarka ya karance shi tsaf. Ku koya wa Alhaji ya riƙa juya baya ko ya kare da tafin hannu. Manhajar kuma daga Play Store kaɗai, ba ta Xender ba, ba ta mahaɗin da aka turo a WhatsApp ba.

Layin da za a bari a gida kada a manta da shi a cikin akwati. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfani damar dakatar da layin da ya yi wata 6 ba a yi komai da shi ba, in ya ƙara wasu 6 a iya sayar wa wani. Sabon mai layin sai ya fara samun alat ɗin Alhaji. Ku riƙa sa masa kati kuna kira da shi ko sau ɗaya a wata.

Batun alat na bogi. Saƙon tes ba shaida ba ne, domin ana iya turo saƙo da sunan banki a samansa, har ya shige cikin jerin saƙonnin gaskiya. Rasit da mai saye ke nunawa a wayarsa shi ma ba shaida ba ne, hoto ne, ana gyara shi. Shaida ɗaya ce: abin da ke cikin asusunka ya ƙaru, ka gani da idonka daga wayarka. Kafin a ɗaga buhu a sa a mota, a danna lambar banki a duba balas. ₦6.98 ce. Kuma tun tsakiyar 2025 daga katin waya ake cire wannan kuɗin ba daga asusu ba, saboda haka wayar da ba kati ba za ta duba komai ba. Kullum a bar ko ₦200 a ciki. Mai gaggawa da ya ce sabis ne ya riƙe kuɗin, ga motarsa za ta tashi, a ce masa ya zauna a tabarma ya sha ruwa har su shigo.

Idan Alhaji ne zai tura, bayan an sa lambobi 10 na asusu sunan mai shi zai fito. A karanta wa mutumin sunan ya amsa kafin a sa PIN. Wannan ya fi muhimmanci yanzu da lambar waya ta zama lambar asusu a kamfanoni da dama: lamba ɗaya za ta iya zama ta mutum biyu a wurare biyu, in ka zaɓi bankin da ba shi ba, wani can daban ya samu. Dawo da irin wannan kuɗi sai da amincewar wanda suka shiga wajensa ko umarnin kotu.

Abin da ya fi cinye kuɗin mutane a ranar kasuwa shi ne tura sau biyu. Kowace shiga USSD tana da ɗan lokaci ƙayyadadde, idan sabis ya yi nauyi sai ta yanke bayan an sa PIN, ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce bai tafi ba. Kada a sake. A duba balas tukuna. Idan an cire kuma ba su isa ba, yawanci suna dawowa da kansu. In sun kwana, a nemi lambar shaidar turawar mai guda 30, wadda ake rubuta Session ID a jikin rasit, da ita bankunan biyu ke bin sawun kuɗin ta na'urar NIBSS, kamfanin da ke haɗa turawa tsakanin bankuna. A kai ƙorafi bankinka a karɓi lambar ƙorafi. Idan mako 2 ya wuce ba a warware ba, sai a kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Tunda ka ambaci Mai'aduwa: a garuruwan bakin iyaka, wajen Kwangwalam ko Magamar Jibiya, waya takan tsallake da kanta ta kama sabis ɗin Nijar. A wannan hali USSD kan ƙi tafiya, saƙon banki kan makara. A shiga saitin sabis a cire shi daga zaɓin kai tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu. Kuma kada ku raba shi da tsabar kuɗi kwata-kwata. A watan Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Jibiya da Batsari da Funtuwa, sai a Disamba aka fara dawo da shi. A farkon 2023 kuma lokacin canjin kuɗi, wanda bai iya taransifa ba shi ya sha wuya. Kowanne da ranarsa.

Ɗan Ƙofar Guga:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, Injiniya. Sauran abu biyu. Baba ajami yake karantawa, boko sai lambobi. Ko ni zan riƙe masa PIN ɗin? Sannan layin da yake amfani da shi shekara da shekaru, da sunan yayanmu aka yi masa rajista.

Tsohon Ma'aji:

Maganar layin ku gyara ta kafin ku taka ƙofar banki. Layin da ke kan NIN ɗin yayanku, a doka nasa ne. Ranar da sim ya ɓata, shi kaɗai za a yi wa walkam bak, da yatsunsa, ko yana Legas ko yana Agadas. Hanya biyu ce: ko su je ofishin kamfanin tare a mayar da layin sunan Alhaji, ko Alhaji ya yanki sabon sim da NIN ɗinsa a wajen wakili mai rajista, a ɗauki hotonsa da yatsunsa. Idan yana da BVN tun da, a cike fom a banki a canza lambar da ke kanta zuwa sabon layin. Sim ɗin da ake sayarwa an riga an yi masa rajista, kada ku kusance shi.

PIN kuwa a bar wa mai kuɗi abinsa. Ba don ana zarginka ba, ƙanena. Idan wani abu ya faru, tambayar farko da banki zai yi ita ce wa ya san PIN, da an ce mutum biyu, ƙorafin ya raunana. Ga kuma 'yan'uwa, kuɗin uba abu ne mai saurin jawo magana. Tunda ya san lambobi, aikin ya yi sauƙi. Yawancin bankuna suna da gajeriyar hanyar duba balas a dannawa ɗaya, misali *894*00# a First Bank, *901*00# a Access, *966*00# a Zenith. Ka rubuta masa ta bankinsa da manyan lambobi a kwali, bayanin kowane mataki da ajami a gefe. Ku zauna bayan sallar isha'i ku yi ta gwaji da ₦100, ka tura masa ya duba, ya faɗi nawa ne da, nawa ne yanzu, har hannunsa ya faɗa. Makon farko karɓa da dubawa kawai. Turawa ta biyo baya, kuma a nan dole wani amintacce ya karanta masa sunan da ya fito, sannan ya kawar da kai Alhaji ya sa lambarsa.

Hajiya Mai Lissafi:

Ƙari kaɗan a kan na Malam. Ku samu littafi guda a rubuta sunan kowane banki da lambar asusu da layin da ke kansa, ban da PIN, a ajiye inda Alhaji ke ajiye takardun gida da na gona, iyalinsa su san da shi. Kuɗin da ke waya ba a ganinsu a ƙarƙashin katifa, idan ta Allah ta kasance magada ba za su nemi abin da ba su san da shi ba, kuma haƙƙin marayu ne. A fom ɗin buɗe asusu akwai gurbin makusanci, a sa wanda za a iya samu a waya, amma ku sani sa sunan ba ya mallaka masa kuɗin, sai an kawo takardar kotu ta rabon gado banki zai saki. Sannan duk ƙarshen wata ka karɓo masa bayanan asusu a reshe ko ka ciro ta manhaja, ku bi su layi-layi da littafin bashinsa na rumfa. Duk fitar da bai gane ba, ko ta ₦500 ce, a tambayi banki a cikin satin.